Baƙo da Kuɗin Lasin na Rediyo a Turai

A cikin shekarar 1922 aka kafa lasin na rediyo a Ingila, sule goma a shekara, domin BBC ta yi aiki ba da dogara ga talla ba. A 1946 aka ƙara na talabijin, fam biyu. Na rediyo kaɗai kuwa aka soke shi a 1971. Abin lura shi ne, ba a duba asalin mutum, sai akwatin da ke gidansa. Saboda haka baƙo yakan biya daidai da ɗan ƙasa. Jamus ta zarce haka a 2013, ta aza kuɗin bisa kowane gida, da akwati ko babu, har baƙon da ba ya jin Jamusanci. Kotun tsarin mulkinta ta amince da wannan ka'ida a 2018.