Cragside: Gidan da Kuɗin Igwa Suka Gina

Tun da aka kafa sabon injin samar da wuta daga ruwa a gidan Cragside a 2014, masu yabon mai gidan na farko, William Armstrong, suka samu abin faɗa. A wurinsu mutum ne da ya riga zamaninsa hango makamashi mai tsabta. Wasu kuwa cewa suke dillalin makamai ne kawai, ana wanke shi da fitila. Kowane ɓangare yana da hujja, amma a ganina ba a cika tambayar da ta dace ba: don me aka gina gidan da irin wannan girma?

Kafin 1863 babu abin a zo a gani a wurin. Gangaren dutse ne kusa da garin Rothbury a arewacin Ingila, inda ake kai Armstrong shan iska yana yaro saboda rashin lafiya, yana kamun kifi a kogin Coquet. An haife shi a 1810, ya yi aikin lauya, sannan ya bar shi ya kafa masana'anta a Elswick ta Newcastle a 1847, yana ƙera na'urorin ɗaga kaya masu aiki da ƙarfin ruwa. Bayan yaƙin Kirimiya ya koma ƙera igwa, aka ba shi sarautar Sir a 1859.

A 1863 ya ajiye aikin da yake yi wa gwamnati, ya sayi filin, ya gina ɗan madaidaicin gida. Da wannan masu cewa wurin hutu ne suke kafa hujja, kuma a kan ginin farko na yarda da su. A shekarar ce ma ya yi jawabi a Newcastle yana gargaɗin cewa kwal ɗin Ingila zai ƙare wata rana. To amma daga 1869, da ya ɗauko mai zanen gini Richard Norman Shaw, labari ya sha bamban. Shekara goma sha biyar ana ƙari. An haƙa tafkuna biyar, an dasa miliyoyin itatuwa a kan dutsen da a da babu inuwa. Ruwa ne ke ɗaga kaya daga bene zuwa bene, shi ne kuma ke juya ƙarfen gashin nama a madafa. A 1878 aka kunna fitilar lantarki ta farko, a 1880 aka sa ƙwayayen fitilar abokinsa Joseph Swan, gidan ya zama na farko a duniya da wutar ruwa ta haskaka.

Mai neman hutu, shi da matarsa Margaret, ba su da ɗa ba su da jika, me zai yi da murhun marmara mai nauyin tan goma da ya kai har rufi? An kammala falon da murhun yake ciki ne don ziyarar Yariman Wales a 1884. Sarkin Farisa ya zo a 1889, Sarkin Siyam ma ya zo. Waɗannan masu sayen makamai ne. Baƙon da ya ga dare ya koma rana ba hayaƙi ba ƙauri, ba sai an yi masa dogon bayani a kan ingancin jirgin yaƙin Elswick ba. Gidan rumfar baje koli ce, kuma ta yi aikinta, domin igwogin Elswick ne a jiragen Japan da suka ragargaza na Rasha a 1905.

Armstrong ya rasu a gidan a Disamban 1900 yana da shekara 90. Jikan 'yar'uwarsa da ya gaje shi bai iya riƙon dukiya ba, har aka sayar da zane-zanen gidan masu daraja a 1910. A 1977 gidan ya koma hannun ƙungiyar adana wuraren tarihi ta National Trust, aka buɗe wa jama'a bayan shekara biyu. Duk mai nuna wa baƙi fitilun nan, haƙƙi ne a kansa ya gaya musu da kuɗin me aka saye su.