Ruwan Tiga da lafiyar yaran Kadawa

Da gwamnatin Audu Baƙo ta kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin noman rani na Kadawa ya sauya rayuwar Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa da alkama da tumatir suka wadata, daga baya hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi ragamar aikin. Sai dai ruwan da ke kwance a magudanai shekara zagaye ya zama matattarar sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, kuma yaran da ke wanka a ciki su suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Wasu na cewa fitsarin jinin da tsargiya ke kawowa alamar balaga ce kawai. Ba haka ba ne: cuta ce mai rage jini, mai raunana mafitsara, mai hana yaro karatu. Wasu kuma na ganin rabon maganin Praziquantel a makarantu ya wadatar, alhali yaron da ya sha magani yau gobe zai koma cikin ruwan nan, almajiri kuwa sau da yawa rabon ba ya isa gare shi. Wajibi ne gwamnatin Kano da hukumar su sanya rijiyoyin burtsatse da bandakuna da yashe magudanai cikin kasafin noman rani kansa.