Yadda Inuwar Sanda Ta Haifi Lissafin Kusurwa

Tun kafin a san kalkuleta, magina da masana taurari ke fama da tambaya guda: in an san tsawon gefe biyu na alwatika mai kusurwar digiri 90, yaya za a gano sauran kusurwoyin? Wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani magatakarda a Masar mai suna Ahmes ya kwafe takardar da ke koyar da auna gangaren dala ta hanyar gwama faɗi da tsayi. Hifakus na Girka ya tsara jadawalin lissafin kusurwa na farko, sannan Aryabhata na Indiya ya fito da jadawalin sayin a 499.

A hannun malaman Musulunci ne ilimin ya bunƙasa, domin salla na bukatar lokaci da alƙibla. Sai suka kafa sanda a rana suna lura da inuwarta. Sanda a tsaye, inuwa a kwance, hasken rana ya haɗa bakinsu: alwatika ke nan. Habash al-Hasib ya tsara jadawalin inuwa a Bagadaza a ƙarni na 9, sannan al-Battani, wanda ya rasu a 929, da Abul Wafa suka ɗora a kai. Wannan ne asalin tanjent da ake tambaya a jarrabawar WAEC da NECO.

Ta littattafan fiƙihu dabarar inuwa ta shigo ƙasar Hausa, inda malamai ke ɗaukar tsayin mutum ƙafa 7, su auna inuwarsa da tafin ƙafa. La'asar tana shiga in inuwar abu ta kai tsayinsa, bayan an cire inuwar tsakar rana. Misali, garin Dogon Dawa, a kan hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa, yana kusa da digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a wasu ranakun Afrilu da Agusta rana kan tsaya tsaf bisa kai, ba inuwar tsakar rana da za a cire. A irin ranakun, manomin da ya ga inuwarsa ta kai tsayinsa ya san la'asar ta yi, rana kuwa tana digiri 45.

Ɗalibin sakandare a garin zai iya gwadawa da maɗacin bakin daji. In tsayinsa mita 12 ne, inuwarsa mita 21, sai ya raba 12 da 21, ya samu 0.57, ya nemi kusurwar da ke da wannan tanjent a jadawali ko kalkuleta. Amsar ita ce kusan digiri 30, wato kusurwar da rana take a sama.