Macijin Dutse Da Ya Zama Agogon Tarihi

Yau za mu leƙa tarihin wani dutse da mutane suka shafe ƙarnuka suna tsinta kafin su san mene ne shi.

Dutsen a naɗe yake kamar gammo, yana da zara-zaran layuka irin na ƙahon rago. Wannan kamar ce ta sa mutanen da suka danganta shi da Amun, abin bautar tsohuwar Masar da ake zanawa da ƙahon rago, daga nan sunan amonayit ya samo asali. A garin Whitby na arewacin Ingila kuwa, labari ne ya bazu cewa macizai ne da wata waliyyiyar Kirista mai suna Hilda, wadda ta rasu a 680, ta mayar da su duwatsu. Da yake ba a taɓa samun guda mai kai ba, sai masu sayarwa suka riƙa sassaƙa musu kan maciji don ciniki ya yi armashi.

A ƙarni na 17, masani Robert Hooke ya tsaya a kan cewa waɗannan ɓawon halittun teku ne da suka taɓa rayuwa, domin cikinsu a rarrabe yake ɗaki-ɗaki kamar na notilus, wata dabbar teku da ke raye har yau. Lokaci ya gaskata shi. Yanzu mun san amonayit sun cika tekunan duniya na miliyoyin shekaru, suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, tare da manyan dabbobin nan dainoso.

To su wa suke tsinto su? Galibi talakawa ne. Mary Anning, wadda aka haifa a 1799 a garin Lyme Regis da ke gaɓar kudancin Ingila, 'yar kafinta ce. Mahaifinta ya rasu a 1810 ya bar iyali cikin bashi, sai sayar wa baƙi amonayit da makamantansu ya zama abincinsu. Aikin na kasada ne, domin da hunturu ake fita, lokacin da gaɓa ke zaftarewa tana tona abin da ke cikinta. A 1833 zaftarewar ƙasa ta kashe karenta, ita ma da ƙyar ta sha. Ita da yayanta Joseph ne suka haƙo ƙwarangwal ɗin wata ƙatuwar dabbar teku tsakanin 1811 da 1812, ta kuma gano wata a 1823. Masana suna saye a hannunta su yi rubutu a kai, sau da yawa ba tare da ambaton sunanta ba, kuma ƙungiyar masana duwatsu ta Landan ba ta karɓar mata a zamanin. Ta rasu a 1847.

A wannan zamanin ne darajar dutsen ta fito fili. William Smith, mai safiyon hanyoyin ruwa, ya lura cewa kowane shimfiɗin dutse yana da irin burbushin halittunsa, kuma jerin ba ya sauyawa daga gari zuwa gari. Da wannan ya fitar da taswirarsa ta duwatsun Ingila a 1815. Tsakanin 1856 da 1858, Bajamushe Albert Oppel ya raba duwatsun zamanin Jurasik gida 33, ya dogara sosai da amonayit. Dalili kuwa uku ne: suna da yawa, sun bazu a tekuna masu nisa da juna, kuma kowane iri bai daɗe ba sai wani ya maye gurbinsa. Idan aka ga iri ɗaya a Faransa da Ingila, an san duwatsun biyu tsara ne.

Mu ma labarin ya shafe mu. Sama da shekara miliyan 90 da suka wuce, teku ta ratsa inda Sahara take a yau, ta lulluɓe sassan Nijar da arewacin Nijeriya. Shaidar tana nan a ramin da ake haƙar dutsen siminti a Ashaka ta jihar Gombe, inda masana suka tattara amonayit masu yawa. A 1954 Richard Reyment ya raɗa wa wasu sunan Gombeoceras da Bauchioceras, wato ƙahon Gombe da ƙahon Bauchi.

Abin lura shi ne, duk wannan ilimi ya rataya ne a kan 'yar takardar da ke rakiyar dutsen. Amonayit ɗin da aka ɗauke ba a rubuta wuri da shimfiɗin da ya fito ba, ya zama kayan ado kawai, ba zai iya faɗa mana zamanin komai ba. Saboda haka idan ɗayanmu ya ci karo da shi, ya ɗauki hotonsa a inda yake, ya rubuta wurin da ranar, ya sa sunan wanda ya tsinta, ko da yaron makiyayi ne, sannan ya tuntuɓi sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa. Mary Anning sai a 2022 aka kafa mutum-mutuminta a garinsu, shekara 175 bayan rasuwarta.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.