Takardar Shaida da Satar Amsa: Waiwayen Tarihi Daga Mpape da Abin da Ya Rataya a Wuyan Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa tsaron ɗakin jarrabawar kammala sakandare a Nijeriya ya san cewa satar amsa ba baƙuwa ba ce. An saba kallon matsalar a matsayin lalacewar tarbiyyar yaran zamani, a ɗora laifin a kan iyaye ko wayar hannu, a yi nasiha a wuce. Wannan maƙala za ta bi sawun matsalar ne ta fuskar tarihi, domin ta nuna cewa satar amsa ta yi ta girma gwargwadon yadda takardar shaida ta zama ƙofa ɗaya tilo ta samun aiki da mutunci. An ɗauki Mpape, wadda ke Ƙaramar Hukumar Bwari a Babban Birnin Tarayya, a matsayin madubi, saboda yadda burin matashi da halin da yake ciki suka yi hannun riga a wurin. Daga ƙarshe za a duba abin da malaman Hausa da masu tsara manhaja za su iya yi.

2.0 Auna Ilimi Kafin Zuwan Boko

A tsarin karatun allo da na zaure, ɗalibi yana biya karatunsa ne baki da baki a gaban malaminsa. Ba ya wanke allo sai malam ya saurara ya gamsu, tun daga babbaƙu da farfaru har zuwa sauka. Mai karatun littattafai kuwa, idan ya ƙware, malaminsa ne ke ba shi ijaza, wadda ke ambaton sunayen malaman da karatun ya biyo ta hannunsu. Haka abin yake a fagen sana'o'in gargajiya. Yaron maƙeri ko majemi ko magini ba ya fita daga hannun ubangidansa sai aikinsa ya nuna ya isa, kuma kasuwa ce ke yi masa alƙalanci.

Wannan ba yana nufin mutanen da ba su san yaudara ba. Littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito bayan gasar rubutun 1933, cike yake da labarin damfarar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka riƙa yi wa jama'a. Abin lura shi ne, a wancan tsari ilimi da shaidarsa suna tare a jikin mutum guda. Ba a iya satar karatun da za a biya a bainar jama'a, ba a kuma iya aron hannun wani a ƙera garma.

3.0 Takarda Ta Zama Jari: 1909 Zuwa 1976

Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da ta biyo baya a farkon shekarun 1920, an kafa su ne domin samar da malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e. Da su ne wani sabon abu ya shigo ƙasar Hausa: takardar da ke magana a madadin mai ita, ko da yana nesa da malamin da ya koyar da shi. Tun a 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu, aka sami rahoton fitar takardun tambayoyin jarrabawar Kambirij kafin ranar zama. Masana tarihin ilimi sukan ɗauki wannan a matsayin karon farko da aka rubuta aukuwar maguɗin jarrabawa a Nijeriya.

Duk da haka, a Arewa matsalar ba ta yi tsanani ba a wancan lokaci, domin guraben aiki sun fi masu takarda yawa. Manufar Gwamnatin Jihar Arewa a zamanin Sardauna ta cike ma'aikatu da 'yan Arewa ta sa wanda ya gama midil ko kwalejin horon malamai yakan tarar da aiki yana jiransa. An kafa hukumar WAEC a 1952 domin ta karɓi shirya jarrabawa daga hannun hukumomin Ingila. Bayan yaƙin basasa kuma, kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka ƙara wa aikin gwamnati farin jini, har iyayen da ada suke ɓoye 'ya'yansu daga boko suka fara ganin takarda a matsayin jari.

4.0 Cunkoso da Ƙuncin Ƙofa: 1976 Zuwa Yau

A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yara suka yi ambaliya zuwa makarantu fiye da yadda aka yi hasashe, aka ɗebi malaman da ba su gama samun horo ba domin cike giɓi. Shekara guda bayan haka, a 1977, tambayoyin jarrabawar WAEC suka fita a faɗin ƙasa, abin da ya sa gwamnatin soja ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Sogbetun. Daga wannan lokaci ne kalmar ekspo ta zauna daram a bakin ɗalibai. A 1978 aka kafa hukumar JAMB domin daidaita shiga jami'o'i.

Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma shiga tsuke bakin aljihu na shirin SAP a 1986, sai guraben aiki suka ragu alhali masu neman su suna ƙaruwa. Sharaɗin kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi ya zama katanga tsakanin matashi da jami'a, ita kuma jami'a ta zama katanga tsakaninsa da aikin ofis. A 'yan shekarun nan masu zama jarrabawar JAMB sukan kusanci miliyan 2 a shekara, kuma da yawansu ba sa samun gurbi.

Hukumomi sun tunkari matsalar da doka da dabara. Doka ta 20 ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga wanda aka kama da maguɗin jarrabawa. Doka ta 33 ta 1999 ta sassauta, inda ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ga ɗalibin da bai kai shekara 18 ba, da ɗaurin shekara 4 ba zaɓin tara ga malami ko mai tsaron jarrabawa. A wannan shekarar aka kafa hukumar NECO mai mazauni a Minna. A 2005 jami'o'i suka fara nasu gwajin bayan na JAMB, alamar cewa sun daina amincewa da sakamakon da ake kawo musu. A 2007 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta haramta wa makarantun sakandare 324 zama cibiyoyin jarrabawa. A 2015 JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya. Duk da waɗannan matakai, a watan Mayu na 2025 ɗalibai a jihohi da dama sun rubuta takardar Turanci ta WAEC cikin dare da hasken tocila, kuma hukumar ta danganta jinkirin da ƙoƙarinta na hana fitar tambayoyi.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne misalin da manya suka bayar. A 1999 Shugaban Majalisar Wakilai, Salisu Buhari, ya sauka daga muƙaminsa bayan ta bayyana cewa shaidar digirin Jami'ar Toronto da ya gabatar ta jabu ce, daga baya kuma aka yi masa afuwa. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, lamarin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo a farkon 2024. Matashin da ke jin irin waɗannan labarai yana koyon darasin da babu shi a kowace manhaja.

5.0 Mpape a Matsayin Madubi

Mpape asalinta ƙauyen Gbagyi ne a kan duwatsu. Bayan dokar 1976 da ta ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya, kamfanonin gine-gine suka buɗe wuraren fasa dutse a yankin, aka riƙa kwasar tsakuwa ana gina sabon birni. Leburori da direbobi da 'yan tireda suka biyo aikin suka zauna. Komawar gwamnati Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, da rushe-rushen da aka yi a cikin birni tsakanin 2003 da 2007, sun ƙara turo jama'a daga kowane sashe na ƙasa. Hausa ta zama ɗaya daga cikin harsunan ciniki da cuɗanya a unguwar, tare da Gbagyi da Turancin buroka. A 2012 hukumomi suka sanar da niyyar rushe unguwar, mazauna suka garzaya kotu, kuma a 2017 Babbar Kotun Birnin Tarayya ta yanke hukuncin da ya hana rushewar. A watan Satumba na 2018 aka ji motsin ƙasa a yankin, har aka dakatar da fasa dutse na wani lokaci.

Yaron da ya tashi a nan, daga kan tudu yana hango Maitama. Mai yiwuwa mahaifinsa maigadi ne ko direba a can, ko mahaifiyarsa mai aikatau. Kullum yana ganin bambancin da ke tsakanin mai shiga ofis da mai buɗe masa ƙofa, an kuma gaya masa cewa bambancin takarda ne. Hedikwatar JAMB da Makarantar Horon Lauyoyi duk suna Bwari, wato ƙaramar hukumarsa, amma hanyar da za ta kai shi can ta bi ta kiredit biyar. Iyayensa sun yi tanadin kuɗin rajistar jarrabawa da guminsu, kuma faɗuwa sau ɗaya na iya zama ƙarshen karatun. Idan aka raɗa musu cewa akwai wata cibiya da ake cin jarrabawa ko ta halin ƙaƙa muddin an ƙara wani abu, to yaron yana fuskantar zaɓi mai nauyi tsakanin gaskiyar da aka koya masa da amanar iyayen da suka zuba masa ido. Malamin ƙaramar makarantar kuɗi ma yana cikin irin wannan tsaka mai wuya, domin albashinsa ya dogara da yawan ɗaliban da sakamakon bana zai jawo baɗi.

Abin takaici shi ne, wanda ya ci da sata bai tsira ba. Ɗalibin da ya sami kiredit a Kimiyyar Sinadarai ba tare da ya san ta ba, zai gamu da ita a ajin farko na jami'a, inda da yawa sukan sha kora. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji Hausawa.

6.0 Abin da Ya Rage wa Manhajar Hausa

A laccarsa mai suna Mutumin Kirki da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya jero halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su, gaskiya da amana na sahun gaba. Manhajar Hausa tana koyar da waɗannan halaye a ƙarƙashin al'ada da karin magana. Sai dai galibi akan nemi ɗalibi ne ya kawo karin magana biyar a kan gaskiya, tambayar da za a iya kwafo amsarta daga 'yar takarda a cikin safa. Ke nan hanyar aunawar tana rushe darasin da ake koyarwa. Bisa ga wannan, ana ba da shawarwari kamar haka:

(a) A ware kaso mai tsoka na makin gwajin yau da kullum ga aikin baka: karatu a bayyane, da muhawara, da bayar da labari, da kare insha'in da ɗalibi ya rubuta a gaban aji. Wannan komawa ce ga ƙa'idar biya karatu, kuma darasin harshe ya fi kowane darasi dacewa da ita.

(b) A riƙa ba da aikin da amsarsa ba ta cikin littafi ko intanet. Ɗalibin Mpape zai iya yin hira da mai fasa dutse ko tela ko mai gyaran waya, ya tattaro kalmomin sana'ar da yadda ake koyonta, ya gabatar da su da Hausa ingantacciya.

(c) A haɗa darasin sana'o'in gargajiya da darussan sana'a na zamani. Manhajar babbar sakandare ta 2011 ta shigo da sana'o'i 34, kafin a taƙaita su a gyaran 2025. Idan ɗalibi ya ga cewa akwai ƙofar rufin asiri fiye da ɗaya, tsoron faɗuwa zai ragu, kuma tsoron nan shi ne babban dillalin satar amsa.

(d) A koyar da adabi ta hanyar tambayar dalili. Maimakon a lissafa halayen Malam Zurƙe, a tambayi ɗalibai me ya sa jama'a suka ruɗu da shi, wa ya yi asara, kuma ina irinsa yake a yau.

(e) A koya wa ɗalibi tun daga ƙaramar sakandare ya ambaci wanda ya ji magana daga gare shi. Jingina magana ga mai ita tsohuwar ɗabi'ar malamanmu ce, kuma ita ce tushen amanar ilimi.

7.0 Kammalawa

Tarihin da aka bibiya daga 1914 zuwa 2025 ya nuna cewa tsananta hukunci da sauya na'urar jarrabawa sun sauya wa satar amsa kamanni ne kawai, saboda ba su taɓa dalilin da ke haifar da ita ba. Masu tsara manhaja ba su da ikon samar da ayyukan yi, ba su kuma da ikon hukunta manyan da suka yi jabun takarda. Ikon da ke hannunsu shi ne na zaɓar abin da za a tambayi ɗalibi da yadda za a tambaye shi. Idan aka tsara aunawa ta yadda mai gaskiya zai ga amfanin gaskiyarsa a makinsa tun daga aji ɗaya, to yaron Mpape zai shiga ɗakin jarrabawa da abin da ya sani a kansa, kuma takardar da zai fito da ita za ta zama shaida ta haƙiƙa.