Barewar Ibn Ɗufail da ɗaliban Briqueterie

Akwai ra'ayin da ya zauna a bakin wasu malaman falsafa a Yawunde: wai ƙagaggen labari ba ya koyar da tarihin falsafa, sai dai ya shagwaɓa yaro, ya sa shi gudun matani mai tauri. Madogararsu masanin falsafa Marcien Towa ne, da sukar da ya yi a 1971 ga masu tattara al'adu su kira su falsafa. Wannan muhawara sananniya ce, ba sai na maimaita ba.

Sai dai ina ganin rabin Towa suka karanta. A littafinsa na 1979 shi da kansa ya koma ga tatsuniyoyin Kulu kunkuru da Leuk zomo, ya nuna dabara tana tuhumar mai iko. Abin da ya ƙi shi ne a haɗiye gado ba tambaya.

Hujjarsu mai nauyi, wadda ba zan raina ba, ita ce labari yakan ɓoye matakan hujja, yaro ya riƙe jarumi ya manta dalili, ranar jarrabawar bak ta kammala sakandare kuma dalili ake nema. Wannan kan faru da littafin Jostein Gaarder na 1991, inda darussan suka zo a wasiƙu, labarin yana ɗauke da su kamar jaki da kaya. Amma littafin Hayyu ɗan Yaƙzan na Ibn Ɗufail, wanda ya rasu a Marakish a 1185, ba haka yake ba. Barewar da ta shayar da yaron labarin, Hayyu, ta mutu, ya tsaga ƙirjinta yana neman abin da ya hana ta motsi, ya tarar da wani gurbi a zuciya wayam. Daga nan ya fara tambayar mene ne rai. Matakin labarin shi ne matakin hujjar.

Ba na cewa littafi ɗaya zai ɗauke manhajar ajin tarminal, ajin ƙarshe na sakandare. Da'awata ta fi haka ƙanƙanta. Yarinyar unguwar Briqueterie ta Yawunde da ke zuwa makarantar lise da safe, Islamiyya da yamma, mai yiwuwa ta ji sunan Gazali a bakin malaminta tun kafin ta ji na Dekart. Gabatarwar Ibn Ɗufail tana auna Farabi da Ibn Sina da Gazali da Ibn Bajja ɗaya bayan ɗaya, tarihin da Gaarder ya ratsa ta gefensa a gurguje. A fara mata da nan, da Hausa in ya samu, sannan a miƙa mata rubutun masanin falsafa Njoh-Mouelle da Faransanci.