Tabar Wiwi a Hannun Likitoci: Tarihin Magani Marar Awo

Binciken likitanci a kan tabar wiwi ya girmi yarjejeniyoyin duniya da suka taƙaita cinikinta da fiye da shekara 80, kuma duk wanda ya bi diddigin wannan bincike zai tarar cewa abin da ya fi ɗaure wa likitoci kai tun farko shi ne awo, wato sanin ainihin yawan sinadarin da ke cikin abin da aka ba majiyyaci. Tsiron ya daɗe a hannun masu maganin gargajiya na Indiya da Sin da ƙasashen Larabawa, amma shigarsa littattafan likitancin zamani ta faro ne daga birnin Kalkata, ta hannun wani likita ɗan ƙasar Ayaland mai suna William O'Shaughnessy, wanda yake koyarwa a kwalejin likitanci ta birnin, ya kuma gabatar da sakamakon gwaje-gwajensa a 1839.

O'Shaughnessy bai fara da mutane ba. Ya soma ba karnuka da kyanwoyi da awaki da kifaye, har da ungulaye, danƙon da ake tattarawa daga furen tsiron, inda ya lura cewa dabbobi masu cin nama suna buguwa nan da nan, alhali masu cin ciyawa da ƙyar abin yake taɓa su. Da ya ga babu dabbar da ta mutu, sai ya narkar da danƙon a cikin barasa, ya riƙa ba majiyyata ɗigo-ɗigo: masu sanyin ƙashi, da masu kwalara, da wanda mahaukacin kare ya ciza, da masu tetanus, cutar nan da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Mai cizon karen ya mutu, ko da yake ya samu sauƙin raɗaɗi kafin cikawarsa. Labarin da ya fi tsaya wa masu karatu a rai shi ne na wata jaririya 'yar kwana 40 da jijjiga ta kusa kashewa, wadda ta farfaɗo bayan an yi ta ƙara mata ɗigon maganin. A ma'aunin yau wannan duka bai kai hujja ba, domin majiyyatan kaɗan ne, kuma babu wani rukuni da aka bari ba magani don a kwatanta, amma ya isa ya sa maganin ya bazu a Ingila da Amurka, har ya shiga kundin magungunan Amurka a 1850.

Farin jinin bai ɗore ba. Sinadarin da ke cikin ofiyom, wato mofin, an riga an ware shi tun farkon ƙarni na 19, likita yana iya auna shi ya san abin da ya bayar. Ita kuwa wiwi ba wanda ya san abin da ke aiki a cikinta. Kwalba biyu daga shago ɗaya sai su sha bamban, ɗaya ta kwantar da mutum, ɗayar kamar ruwa ya sha, saboda ƙarfin tsiron yana canzawa gwargwadon ƙasar da aka shuka shi da tsawon ajiyarsa. Bugu da ƙari danƙon ba ya narkewa a ruwa, don haka bai dace da allura ba a zamanin da allura ta zama abin yayi a asibitoci. Da asfirin ya shigo kasuwa a 1899, magungunan barci na zamani kuma suka biyo baya, likitoci suka fara juya wa kwalbar baya tun kafin doka ta ce uffan.

A wannan tsakani ne aka yi bincike mafi faɗi na wancan ƙarni. A 1893 gwamnatin mulkin mallaka ta Indiya ta kafa hukumar bincike bayan an yi ƙorafi a majalisar dokokin Birtaniya cewa tabar tana cika gidajen mahaukata. Hukumar ta saurari shaidu kusan 1,200, ta fitar da rahoto mai shafi fiye da 3,000 a 1894, amma aikinta mafi daraja shi ne komawa kan takardun gidajen mahaukatan ɗaya bayan ɗaya. Cikin mutum 1,344 da aka kwantar a 1892, an rubuta cewa wiwi ce ta haukata 222. Da aka tona, sai ta bayyana cewa sau da yawa ɗan sandan da ya kawo mutumin ne ya cike gurbin dalilin ciwo da abin da ya zo masa a baki, domin takardar ba ta karɓuwa da gurbi a buɗe. Mutum 98 kawai hukumar ta yarda cewa akwai hannun tabar a ciwonsu. Ta yanke cewa shan kaɗan ba ya nuna wata illa babba, yawan sha kuwa yana cutarwa, ta kuma ba da shawarar haraji da sa ido. Ana iya jayayya da wannan hukunci, musamman da yake gwamnatin da ta kafa hukumar tana cin kuɗin harajin tabar, amma babu jayayya cewa ta bankaɗo yadda alƙaluman asibiti suke yaudarar mai karatu idan bai tambayi wanda ya rubuta su ba.

Daga nan siyasa ta sha gaban ilimi. A taron Janeba na 1925, bisa matsin wakilin Masar, aka sa tabar cikin jerin kayan da ake sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa. Amurka ta ɗora mata haraji mai kama da haramci a 1937, duk da ƙin amincewar wakilin ƙungiyar likitocin ƙasar, William Woodward, sannan aka cire ta daga kundin magunguna a 1942. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta jera ta tare da hodar hiroyin a rukunin da ake ɗauka mafi haɗari. Abin takaici a nan shi ne an yanke duk waɗannan hukunce-hukunce ne kafin wani masani ya san ainihin tsarin sinadarin da ake yi wa hukuncin.

Najeriya ta shiga wannan tarihi ne a daidai wannan zango. Abin da aka fi ruwaitowa shi ne cewa shan tabar ya yaɗu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama da kuma ma'aikatan jiragen ruwa. Likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin Aro da ke Abeokuta, Thomas Adeoye Lambo da Tolani Asuni, sun yi rubuce-rubuce a kanta a shekarun 1960, kuma gwamnatin soja ta 1966 ta kafa dokar da ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya noma ta. Waɗannan rahotanni sun yi amfani wajen jawo hankali, sai dai sun ginu ne a kan mutanen da suka riga suka isa asibiti, kuma mai duba majiyyata kaɗai ba zai iya faɗin mutum nawa suka sha ba su kamu ba.

Maganin matsalar awo ya fito ne daga Isra'ila. Raphael Mechoulam, masanin sinadarai a cibiyar Weizmann, ya karɓo kilo 5 na danƙon wiwi da 'yan sanda suka kama, ya ɗauko shi a jaka cikin motar haya zuwa ɗakin gwaji. A 1963 ya fayyace tsarin sinadarin CBD, wanda ba ya bugarwa, a 1964 kuma shi da Yehiel Gaoni suka ware THC, wanda shi ne ke kawo maye. Tun daga ranar ya yiwu a auna abin da ake bayarwa da miligiram. A 1980 Mechoulam da abokan aikinsa na Barazil suka buga sakamakon gwajin CBD a kan masu farfaɗiya 15, inda 8 suka sha maganin, 7 kuma aka ba su holoƙo, wato abin da ya yi kama da maganin amma babu sinadarin a cikinsa. Cikin takwas ɗin nan, 4 kusan sun daina faɗuwa gaba ɗaya a tsawon gwajin, 3 sun samu sauƙi. An bar wannan sakamako a kwance fiye da shekara 30, kuma yaran da suka yi ta faɗuwa a tsawon waɗannan shekaru su ne suka biya kuɗin wannan sakaci. Dokoki suna da kaso babba na laifin: a Amurka, daga 1968 har tsawon rabin ƙarni, gonar Jami'ar Misisifi ce kaɗai aka yarda ta noma tabar da masu bincike za su yi aiki da ita.

A ɗakunan gwaji dai aiki bai tsaya ba. A 1988 Allyn Howlett da William Devane suka nuna cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna da wata mashiga ta musamman da THC ke shiga kamar makulli a kwaɗo, a 1992 kuma aka gano cewa jikin mutum da kansa yana ƙera sinadarin da ke buɗe wannan kwaɗo, aka raɗa masa suna anandamid. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa tabar take taɓa yunwa da barci da tunani da jin zafi a lokaci guda.

Amsar tsohuwar tambayar hauka ta fara fitowa ne daga Suwidin. An shafe shekara 15 ana bin rayuwar matasa 45,570 da aka ɗauka aikin soja, kuma rahoton 1987 ya nuna cewa waɗanda suka ce sun sha tabar fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau 6 wajen kamuwa da sikizofireniya, wato taɓin hankali mai daɗewa wanda mai shi kan ji muryoyin da babu su, ya kuma gaskata abin da bai faru ba. Darajar wannan bincike ita ce an tambayi matasan tun suna lafiya, kafin ciwon ya bayyana. Wani binciken na 2019 a wurare 11 na Turai da Barazil ya dawo da zancen kan awo, domin ya samu cewa haɗarin taɓin hankali ga mai sha kullum ya ninka kusan sau 3, idan kuwa tabar mai ƙarfi ce, wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 cikin ɗari, ya kusa ninka sau 5. Tabar kanta ta canza: wadda ake kamawa a Amurka ta tashi daga kusan kashi 4 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014.

Gwajin da ya kamata a yi tun 1980 an buga shi ne a 2017, a kan yara da matasa 120 masu wata muguwar farfaɗiya da ake kira Dravet. A rukunin da ya sha CBD, matsakaicin faɗuwa a wata ya sauka daga 12.4 zuwa 5.9, a rukunin holoƙo kuwa daga 14.9 zuwa 14.1, ko da yake maganin ya zo da gudawa da yawan barci, ya kuma taɓa hantar wasu. A 2018 Amurka ta amince da shi da sunan Epidiolex, a Disamban 2020 kuma hukumar miyagun ƙwayoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire tabar daga rukunin mafi haɗari da ƙuri'a 27 a kan 25, Najeriya tana cikin waɗanda suka ƙi.

Wannan labari na yawan isa kunnen matasa a gurguje, a ce Turawa ma sun yarda ganye magani ne. Abin da aka amince da shi ruwan magani ne tatacce, wanda ba ya bugarwa, likita yana auna shi da nauyin jikin yaro yana kuma duba jininsa. Ƙullin da ake saya a lungu kuwa, mai sayar da shi ma bai san ƙarfinsa ba. Binciken da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya da mutum miliyan 10.6, kuma adadi irin wannan ya cancanci jami'o'i da asibitocin koyarwa na ƙasar su auna ƙarfin abin da ake sha, su kuma bi rayuwar masu shan tun kafin a kawo su asibiti a ɗaure.